Aron Usur

Maza ba sa zuwa asibiti sauraron bayani a kan haihuwa. Nas ɗin asibitin unguwa ta gwada iya gwadawa, ta jera kujeru, ta sayo lemo, ta liƙa sanarwa har a jikin shagon aski, amma ranar da aka sa, tsoho ɗaya ne ya zo, shi ma ya ɗauka awon ido ake yi kyauta. Sai ƙungiyar lafiyar iyali ta unguwa ta canza dabara. Tunda ba za su zo wurin magana ba, a kai musu maganar inda ba sa iya tashi. Duk Asabar ana buga ƙwallo a filin makarantar firamare, da zarar an tafi hutun rabin lokaci, kafin kowa ya miƙe, 'yan wasan kwaikwayo za su faɗo tsakiyar fili su yi abin da ya kawo su. Yau awon ciki, wani makon tazarar haihuwa, na gaba cutar da ake ɗauka a shimfiɗa. Namiji ya riga ya kama wuri mai inuwa, ba zai yarda wani ya gaje shi ba, dole ya zauna ya kalla yana tsaki.

Tela ce ke ɗinka musu kayan wasa. Shagonta na kallon ƙofar makarantar, kuma da ragowar ƙyallaye take haɗa musu rigar likita, da ɗankwalin tsohuwa, da cikin ƙarya na tsumma mai igiya, wanda ake sassautawa ko a ƙara masa auduga gwargwadon watannin da labari ya nema. Mijinta shi ne alƙalin wasa. Gyaran lantarki yake yi sauran ranaku, amma ba mai tuna masa da haka, kowa Rafali yake ce masa. Gajere ne mai tafiyar ƙasaita, da baƙar hula wadda ba ya rabuwa da ita, da usur mai jar igiya da Tela ta kitsa masa da hannunta. A fili ba a ja da shi. Ko ɗan mai unguwa ya yi ƙeta, kati zai sha.

Aurensu ya daɗe har mutane sun daina tambaya sun koma jaje. Ba ɗa, ba ko ɓari. Kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin daga ina abin yake, domin a wurin mutanen unguwa amsar ba ta buƙatar tunani. Mata su kawo ɗinki su ce Allah ya kawo rabo suna leƙen cikinta ta gefen keke. Inna, mahaifiyar Rafali, ita ba ta tsaya a addu'a ba. Duk mako sai ta zo da gorar roba cike da wani baƙin jiƙo mai ɗacin da ke tayar da tsigar jiki, ta zuba a kofi, ta tsaya a kan Tela har sai ta ga gindin kofin.

Bara ne, bayan Nas ta dame shi da naci, Rafali ya yarda suka je gwaji a wani asibiti can ƙarshen gari inda ba a san su ba. Likita ya ce lafiyar Tela ƙalau. Matsalar daga shi take, kuma akwai abin da za a iya gwadawa idan zai riƙa zuwa. Rafali ya ce zai yi tunani. Da suka dawo gida ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba, ya kafa wa bango ido ya ce, "Ki rufa mini asiri. Ke kin riga kin saba da bakin mutane."

Ta rufa. Tana sonsa, kuma ranar ya ba ta tausayi ƙwarai. Amma bai sake komawa wurin likita ba, ita kuma ta ci gaba da shan jiƙon Inna a kan ciwon da ba nata ba. Maganar nan tasa ta zauna mata a ƙirji, kullum ta tuno ta sai ta ji ranta ya ɓaci sabo.

Mutum ɗaya ta faɗa wa, Darakta, mai rubuta wa ƙungiyar wasanni, ƙawarta tun suna aji ɗaya a wannan makarantar. Wata rana Darakta ta same ta durƙushe a bayan shago tana amayar da jiƙon, sai baki ya suɓuce, komai ya fito. Darakta ba ta ƙirƙirar labari, wannan kowa ya sani. A bakin mata take karɓa, a layin awo ko a wurin kitso, sai ta canza sana'ar mutum da kamanninsa ta kai fili. Ƙa'idarta ɗaya ce mai ƙarfi: 'yan wasa ba sa taɓa sanin labarin wa suke yi. Ita kaɗai ke sani, shi ya sa mata ke sakin jiki da ita.

Darakta ta yi makonni tana roƙon a kai labarin fili kafin Tela ta yarda. "Mata nawa ne ke shan ɗaci a banza irinki, ƙawata? Bari maza su ji ko sau ɗaya." Tela ta kafa sharaɗi biyu. Mijin labarin ya zama mai sana'ar da ta yi nesa da ta mijinta, kuma maganar bakin gado kada ta kuskura ta shiga. Darakta ta rantse. Mijin zai zama direban babbar mota, matar mai kitso. Tela da kanta ta ɗinka rigar direban, har da tabon baƙin mai a aljihu.

Asabar ɗin da za a yi wasan fili ya cika fiye da kullum, saboda baƙi sun zo daga hukumar da ke ba ƙungiyar ƙwallaye da riguna. An kafa musu rumfa, ɗayansu na riƙe da kyamara. Tela na zaune a benci kusa da Inna, wadda ta zo da jakarta a cinya, kan gorar na leƙowa daga ciki. Rafali ya hura usur na hutu, 'yan ƙwallo suka zube a gindin bishiya suna haki, shi kuma ya koma gefen layi yana shan ruwa.

Daga nan Tela ta hango Dogo ya fito daga ajin da 'yan wasa ke shiryawa. Dogo wanzami ne, kuma shi ne gwanin ƙungiyar, mutumin da bai taɓa bin rubutu yadda aka ba shi ba. Rigar direban na rataye a kafaɗarsa bai saka ba. Ya tsaya ya ƙare wa taron kallo, ya dubi rumfar baƙi, ya dubi rigar, sai ya jefar da ita a bakin taga. Ya ruga wurin Rafali ya raɗa masa wani abu. Rafali ya tuntsire da dariya, ya zare usur daga wuyansa ya rataya wa Dogo, ya cire baƙar hular ya ɗora masa a ka da hannunsa, har da gyara mata zama. Katunan ma ya zaro daga aljihu ya miƙa masa.

Nan take Tela ta gane abin da Dogo ke shirin yi. Ta nemi Darakta da ido, ta same ta tsaye bayan rumfar baƙi. Darakta ta ga abin da ya faru, babu shakka ta gani, domin hannunta ya tashi kamar za ta yi kira. Sai mai kyamara ya juyo ya yi mata wata tambaya, ta sauke hannun ta yi masa murmushi.

Dogo ya shigo fili da tafiyar Rafali sak, ƙirji gaba, gwiwar hannu a buɗe. Tun kafin ya buɗe baki wuri ya kaure da dariya. Matarsa ta wasa ta zo ta gaya masa wannan watan ma babu labari, sai ya hura usur ya ɗaga mata katin gargaɗi. Wata na biyu ya ɗaga mata jan kati ya nuna mata ƙofa. Maza har da bubbuga cinya. Rafali na gefe da kai ba hula yana dariya fiye da kowa, yana nuna Dogo da yatsa yana girgiza kai. Can wata yarinya ta shigo da ɗankwalin tsohuwa da gora a hannu, ta toshe wa matar hanci ta ɗura mata. Inna ta yi dariya har da share ƙwalla, ta zunguri Tela da gwiwar hannu.

"Kin ga irin taurin kan naku ko? Sai an ɗura muku."

Tela ta kafa wa Dogo ido. Tana ji a jikinta inda wasan ya dosa, kuma ba ta da hanyar tare shi. In ta tashi ta yi magana, ta tona da bakinta. In ta zauna, Dogo zai tona da nasa.

Aka zo wurin likita. Likitan wasa ya duba matar ya ce ƙalau take, ya juya ga mijin ya ce, "Malam, daga wajenka ne." Dogo ya saki usur ya faɗo a ƙirjinsa. Dariyar ta ragu, domin a nan Dogo ya daina barkwanci, kuma idan ya daina barkwanci ya fi iya wasa. Ya je ya zauna a bakin bencin da ke matsayin gado, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce da muryar da ta kai har bayan raga, "Ki rufa mini asiri. Ke kin riga kin saba da bakin mutane."

Da Rafali ya ci gaba da dariya, da wataƙila an tashi lafiya, a ce iskancin Dogo ne kawai. Amma dariyar ta mutu a fuskarsa lokaci guda, ya juya a hankali ya nemo Tela a cikin taron ya kafa mata ido. Mutanen da ke kusa da shi suka bi idonsa da kallo. Na kusa da su suka bi nasu. Shiru ya riƙa yaɗuwa benci bayan benci, har sai da ya rage baƙin rumfa kaɗai ke tafi, su da ba su san kowa ba.

Tela ba ta jira ƙarshen wasan ba. Ta miƙe a fusace ta bi bayan taron zuwa ajin. Ajin na warin alli da gumi, kayan da ta ɗinka a watse kan tebura, cikin ƙarya na tsumma yashe a ƙasa. Darakta ta biyo ta da sauri ta turo ƙofa.

"Ƙawata, ki saurare ni. Direba na rubuta, kin gani da idonki. Dogo ne ya canza, kuma bai san naki ba ne."

"Dogo bai sani ba. Ke fa?"

"Me zan yi? In na tsayar da shi a gaban mutane ai tambaya za a yi."

"Ki kira shi ki ce igiyar wandonsa ta kwance. Ki ce baƙi ba sa son a yi wasa da alƙali. Ke da kike tsara wa mutane magana duk mako, yau ƙarya ɗaya ta gagare ki? Na ga hannunki ya tashi. Na kuma ga abin da ya sauke shi."

Darakta ta murza zoben hannunta.

"To bar ta Dogo," in ji Tela. "Maganar bakin gado fa? Ita ma Dogo ne ya yi mafarkinta?"

"Na cire ta. Wallahi na cire, sai wasan ya zama lami, ba abin da ke taɓa zuciya. Na ce tunda direba ne, wa zai gane? Kin ji yadda wuri ya yi tsit kuwa? Yau akwai mazan da za su koma gida su yi tunani."

"Su yi tunanin mijina, ba na kansu ba. Gobe a shagon aski ba wanda zai ce bari in je gwaji. Cewa za a yi ashe Rafali ne." Muryar Tela ba ta tashi ba. "Ina durƙushe ina amai na ba ki wannan maganar. Ba don ta yi daɗi a fili na ba ki ba. Kin ɗauki abin da ya fi komai ci mini rai kin ga ya dace da wasanki, kamar yadda nake ganin ƙyalle in ce zai yi aljihu. Daga yau duk macen da ta tambaye ni ko ta ba ki labarinta, zan ce ta haɗiye abinta."

Ƙofa ta buɗe, Dogo ya shigo yana fifita da baƙar hular, fuskarsa wasai. "Darakta, kin ga yadda na kashe su? Direba ina, alƙali ina. Amma me ya sa ƙarshen ba su yi tafi sosai ba?"

Tela ta miƙa hannu. "Ba ni."

Ya dubi hannun, ya dubi fuskarta, ya dubi Darakta da ta kawar da kai. A hankali fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya zare usur ɗin kamar yana ƙona shi ya ɗora mata a tafi, ya haɗa da hular da katunan. "Anti, ban sani ba. Da hannunsa fa ya sa mini."

"Na san ba ka sani ba. Matsa in wuce."

A waje lokacin hutu ya wuce, 'yan ƙwallo sun koma fili sun tsaya carko-carko, amma ba a iya farawa saboda alƙali ba shi da usur. Rafali na tsaye inda ta bar shi a gefen layi, kansa a buɗe, rana na dukan sanƙon da hular ke ɓoyewa. Bai iya ratsa filin ya je karɓo kayansa ba. Tela ta ratsa masa. Ta bi ta tsakiyar da'ira da usur a hannu, idanun unguwa duka a bayanta. Irin wannan kallon ba baƙonta ba ne, ta sha shi a wurin suna da wurin biki da bakin famfo, amma yau tana tafe tana jin tausayin mijinta da haushinsa suna kokawa a ƙirjinta, ta rasa wanda ya fi ƙarfi.

Ta miƙa masa hular ya saka. Ta miƙa masa usur ya karɓa bai dube ta ba.

"Ke kika kai musu," ya ce can ƙasa.

"Ni na faɗa wa mutum ɗaya, ta ci amanata. Wannan laifina ne, kuma zan ba ka haƙuri a gida."

"Kin tozarta ni a gaban yaran da nake ba wa kati."

Kafin ta amsa sai ga Inna ta iso tana haki, jaka a hammata. Inna ba yarinya ba ce, ta ga kallon da kowa ya gani, kuma ta zo kashe wutar ne tun kafin ta kama. Ta juya ga benci ta ɗaga murya yadda har 'yan rumfa za su ji.

"Ku daina kallon mini ɗa haka. Wasa ne, shaƙiyancin wanzami ne. Duk unguwar nan wa bai san inda lalurar take ba? Ga maganinta ma a jakata, na wannan makon ba ta sha ba." Ta zaro gorar ta cusa wa Tela a hannu. "Sha, 'yar nan. Sha a gabansu bakinsu ya mutu."

Gorar da ɗumi, rana ta dake ta a cikin jaka. Tun kafin a buɗe Tela ta ji ɗacin a maƙogwaronta. Ta dubi mijinta. Ba ta nemi ya yi wa taro jawabi ba. Da zai ce Inna ki bari, ko ya miƙa hannu ya karɓi gorar kawai, da ya isa, da ta ci gaba da rufa masa asiri har ƙarshen ranta ba tare da ta ji ciwo ba.

"Malam," ta ce, "in sha?"

Rafali ya dubi gorar. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi benci. Sannan ya dubi agogon hannunsa, ya sa usur a baki ya hura da ƙarfi, ya juya ya ruga tsakiyar fili yana ɗaga hannu a fara wasa.

Aka take ƙwallo. Wasu suka koma kallon wasa don kunya, da yawa ba su koma ba. Tela ta tsaya tana kallon bayan mijinta yana gudu da jar igiyar da ta kitsa tana lilo a wuyansa, sai ta ji kokawar ƙirjinta ta ƙare. Tausayin ya tafi, haushin ne kaɗai ya rage.

Ta murɗe murfin gorar. Inna ta gyaɗa kai tana cewa yauwa. Tela ta kifa bakin gorar ƙasa, baƙin jiƙon ya tsiyaye a kan farin layin fili yana cinye shi, ta riƙe har ɗigon ƙarshe, ta girgiza, ta mayar da murfin ta sa wa Inna a hannu.

"Me kika yi haka?" in ji Inna.

"Na ƙoshi, Inna. Lafiyata ƙalau, likita ya faɗa tun bara a gaban ɗanki. In kin haɗa wani, ki kai wa mai lalurar. Ga shi can da usur a baki."

Ba ta ɗaga murya ba, amma bencin farko ya ji, kuma abin da bencin farko ya ji ba ya kwana a wurin. Inna ta juya tana kallon ɗanta da gorar wofi a hannu.

A daidai nan aka bugo ƙwallo ta gangaro ta tsaya a gaban ƙafar Tela, kan jiƙaƙƙen wurin da layin ya goge. 'Yan wasa biyu suka rugo suna gardama, ɗaya na cewa ta fita, ɗaya na cewa tana ciki, suka juya suna kiran alƙali ya zo ya duba. Rafali na tsaye can tsakiyar fili. Ya ji su sarai, amma bai matso ba. Tela ta tsallake ƙwallon ta nufi shagonta.